Yadda Na Koyi Aikin Gyaran Magana a Ibadan

Ina koyar da Hausa a wata firamare a cikin birnin Kano lokacin da na fara jin cewa akwai mutanen da sana'arsu ita ce gyara wa mutane magana. Duk malamin da ya taɓa riƙe 'yan aji ɗaya ko aji biyu ya san yaran da suka tura ni neman wannan ilimi: mai in'ina da ba ya ɗaga hannu ko da ya san amsa, mai tsamin baki da ake kwaikwayonsa a filin wasa, da wanda aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci alhali rabin abin da ake faɗa ba ya shiga kunnensa. A kwalejin ilimi an koya mini tsara darasi, an koya mini nahawu da adabi, amma ba wanda ya taɓa gaya mini abin da zan yi da waɗannan yara ban da haƙuri.

Da na shiga tambaya, duk wanda ya san wani abu a kan fannin sai ya ce mini Ibadan. A Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, akwai Sashen Ilimin Masu Buƙata ta Musamman a Tsangayar Ilimi, kuma a cikinsa ne ake karanta ilimin ji da matsalolin magana. Da takardar NCE ɗina na cike fom ɗin JAMB na masu shiga kai tsaye, aka ɗauke ni aji biyu. Mahaifina tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: "To ke yanzu likita za ki zama ko malama?" Na ce masa tsakani. Bai gamsu ba, sai dai yana da ƙani a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da ta kafu tun 1916 a kan cinikin goro da shanu, wannan ne ya sa ya saki. Kakata kuwa cewa ta yi, "Badun dai? Allah Ya kiyaye hanya, ki riƙe sallarki."

Shekarar farko karatun aji ne zalla, kuma ya fi kama da na 'yan likitanci fiye da yadda na zata. Mun haddace jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, da wadda ke motsa harshe, da wadda ke motsa leɓe, da wadda ke gangarawa har ƙirji ta zagayo ta dawo maƙwallato, inda murya ke fitowa. Wannan ta ƙarshen ita ce dalilin da ya sa wani lokaci mace za a yi mata aikin maƙoƙo ta farka muryarta a dishe. Mun koyi cewa tantanin maƙwallato na namiji yana kaɗawa sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya in yana magana, na mace kimanin sau 200, na ƙaramin yaro ya fi haka. Mun karanta matakan da yaro ke bi: ya fara surutan "ba-ba-ba" wajen wata 6 zuwa 9, kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Sai ilimin halayyar ɗan Adam, sai lissafin ƙididdiga wanda ban taɓa ƙauna ba har na gama.

Darasin furuci kuwa gida na tarar. Abokan karatuna suna fama da sunayen wuraren furuci da yanayinsa, ni kuma na riga na san su da Hausa tun daga kwaleji: baleɓe, bahanƙe, baganɗe, bahanɗe, hamza, tsayau, zuzau, haɗiyau, tunzuɗau, ɗan hanci, mai ziza da marar ziza. Kafin kwaleji ma, malamin tajwidinmu na Islamiyya ya sa mun san cewa kowane harafi yana da mafitarsa, ya sa mu riƙe maƙogwaro mu ji bambancin ainun da hamza. Ranar da malaminmu ya zo kan sautukan da ake yi ba da iskar huhu ba, ya nemi wanda zai furta su, ni aka tsayar gaban aji ina ta "ƙa, tsa, ɓa, ɗa", sauran suna riƙe da wuyansu suna neman inda maƙwallato ke hawa da sauka. Amma sanin suna daban, horon kunne daban. Malamin yakan kunna muryar yaro a rikoda ya ce mu rubuta da haruffan furuci na duniya, kuma dokarsa ɗaya ce: ka rubuta abin da yaron ya faɗa, ba abin da ka san yana nufi ba. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake tsammani. Kunnen babba ya saba gyara wa mai magana maganarsa kafin ta isa hankali. Yaro zai ce "tato", kai kuwa ka ji "kwaɗo" saboda hoton kwaɗo ne a gabansa. Sai da muka shafe zango guda ana dawo mana da takardu jajur kafin kunnuwanmu suka daina yi wa yara alfarma.

Ba a raba magana da ji, don haka aka sa mu koyi gwajin kunne. Za ka leƙa kunnen da fitila, ka zaunar da mutum a ɗakin da ƙara ba ta shiga, ka sa masa abin ji a kunne, ka riƙa aika masa sauti daga mai kauri zuwa siriri, kana rage ƙarfinsa har ka gano mafi ƙanƙantar da yake ji a kowane mataki, ka zana a jadawali. A nan na fahimci abin da ke damun wasu daga cikin 'yan ajina na da. Yaron da ya rasa jin siraran sautuka yana jin wasula sarai, yana jin an kira sunansa, amma "s" da "sh" da "ts" da "f" sun ɓace masa. Uwa za ta rantse yana ji, kuma gaskiyarta, sai dai abin da yake ji guntu-guntu ne. Da muka zo kan abubuwan da ke kurmantar da yara, jerin kamar daga unguwarmu aka kwaso shi: sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, ruwan kunne da ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi barkatai. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji.

Da yake digirin na ilimi ne, an tura mu koyarwa a makarantar kurame. Maganar hannun da ake amfani da ita a makarantun Najeriya tushenta na Amurka ne. Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu. Ni kuwa na tashi ina ganin kuramen Kano suna hira a majalisarsu da tasu maganar hannun, wadda ba a makaranta suka koya ba, kuma ba ta yi kama da ta littafi. Can ne na fara lura cewa duk abin da ake ba mu a aji an auna shi ne da jikin wasu mutane, sai mun rage nan mun ƙara can kafin ya shige mu.

Shiga asibiti ba a fara shi da taɓa kowa. Kallo ake fara yi. Kana zaune a kusurwa da littafin rajista, kana rubuta abin da mai duba ka take yi da dalilin da kake jin ya sa ta yi shi, in an tashi ta yi maka tambayoyi ta sa hannu. A Amurka ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙayyade awa 400 kafin ɗalibi ya gama digiri na biyu, 25 na kallo, 375 na aiki da marasa lafiya, sannan a bi da wata 9 na aiki ƙarƙashin kulawa. Mu namu ya danganta da yawan masu zuwa da kuma yawan masu duba mu, waɗanda ba su da yawa. Malamar da aka haɗa ni da ita Bayarabiya ce, dattijiya, ba ta ɗaga murya. Abu na farko da ta hana ni shi ne yawan magana. Ta ce malaman makaranta duk haka muke, ba ma iya jure shiru. In na yi wa yaro tambaya, sai in ƙirga har goma a zuciyata kafin in sake buɗe baki. Sau da yawa amsar tana fitowa wajen bakwai ko takwas.

Akwai aikin da aka ba mu a darasin in'ina wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Aka ce kowa ya je kasuwa ya yi ciniki yana in'ina da gangan, ya dawo ya rubuta yadda aka karɓe shi da yadda ya ji. Na tafi kasuwar Bodija, na nufi layin 'yan Arewa masu sayar da wake da albasa, don in yi da harshena. Na tsaya kan kalmar "mudu", na maƙale a "m" ina ja. Mai waken ya kau da kai kamar ya ga tsiraici. Na kusa da shi ya ƙarasa mini kalmar, wani yaro ya ƙyalƙyale. Babu wanda ya zage ni, amma na bar wurin ba tare da na nemi ragi ba, don kawai kada in sake buɗe baki, na biya kuɗin da na san ya yi yawa. Littafi ya gaya mana cewa in'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kimanin yaro 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, yawancinsu ta bar su, ta zauna wa kimanin mutum 1 cikin 100, kuma maza sun fi mata yawa nesa. Ya gaya mana tana bin jini a gidaje da yawa, ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma cakulkuli da aka yi wa jariri ba. Abin da kasuwa ta ƙara mini shi ne cewa rabin ciwon yana cikin abin da mutum ya fasa faɗa. Tun daga ranar, in uba ya kawo ɗansa yana cewa "ki ce masa ya nutsu kawai", nakan fara da uban.

Wanda ya fi koya mini aikin nan wani dattijo ne daga Sabo, tsohon dillalin shanu, da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wannan haɗin ba baƙo ba ne: a wurin mafi yawan mutane cibiyar harshe tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓangaren da ke juya damar jiki. Likitan Faransa Paul Broca ne ya nuna haka a 1861 a kan wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan". A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wani nau'in, inda magana ke zuba ba tangarɗa amma ba ma'ana, mai yin ta kuma ba ya gane abin da ake gaya masa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna samun irin wannan matsala. Baba irin na Broca ne: yana gane kusan komai, kalma ce ba ta fita.

Ranar gwajin farko, wani abokin karatuna ne ke riƙe da takarda. Akwai gwajin saurin gaɓoɓin baki da ake cewa mutum ya maimaita "pa-ta-ka" da sauri, don a ga leɓe da tsinin harshe da bayan harshe suna karɓa-karɓa. Baba ya yi ƙoƙari ya ce "fa-ta-ka". Abokina ya rubuta cewa leɓe ya yi rauni, ba ya iya rufewa. Na ce masa a hankali, wannan ba ciwo ba ne, Hausa ce. Ba mu da "p" a matsayin harafi mai zaman kansa, ko da lafiyarsa ƙalau haka zai faɗa. Na ce Baba ya ce "ba-ta-ka", leɓe ya rufu tsaf. Malamarmu ta karɓi takardar ta soke layin, ta miƙo mini biro, ta ce daga yau ni ce kunnenta a kan wannan bawan Allah, ita za ta duba tsarin aikina, amma abin da ya faɗa daidai ne ko kuskure, wannan ba ta da ikon yanke shi.

Na ji daɗi a lokacin. Daga baya na gane nauyin da aka ɗora mini, domin ɗalibi yana koyo ne da wanda zai kama kuskurensa, ni kuwa a kan rabin aikin ba mai kama nawa. Gwajin kiran sunan abubuwa da ke cikin kabad na Boston ne, wato na Amurka, hotuna 60, cikinsu har da ɗakin ƙanƙara na mutanen can ƙuryar arewacin duniya, da dokin almara mai ƙaho ɗaya, da wani biskit mai lanƙwasa. Ko lafiyayyen dillali a kara ba zai kira sunan waɗannan ba. Na roƙi ɗansa ya zo mana da kaya daga gida: buta, carbi, hula, goro, igiya, tocila. Da su muka auna shi. Sannan ga abin da littattafanmu ba su tanada ba, wato karin sauti da tsawon wasali. A Turanci in murya ta miƙe ba hawa ba sauka, an rasa armashi ne kawai. A Hausa ana iya rasa ma'ana, don da karin sauti muke raba kukan yaro da bishiyar kuka, da tsawon wasali muke gane ko aiki ya riga ya faru ko umarni ake bayarwa. Dole na ƙirƙiro wa kaina hanyar rubuta waɗannan a rahoto yadda malamata za ta iya bi.

Abin da ya rikita iyalinsa shi ne, Baba ba ya iya cewa "buta", amma in aka ja masa Bisimilla sai ya karanta Fatiha har ƙarshe ba gargada. In aka ce "ɗaya, biyu" sai ya kai goma. In aka yi masa sallama ya amsa cikakkiya. Uwargidansa ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya, wanda ke karatu haka ai ba ciwon asibiti ke damunsa ba. Ko dai hannu aka sa masa?" Na ce, "Hajiya, abin da aka haddace aka maimaita shekara da shekaru ba hanya ɗaya yake bi da kalmar da mutum zai nemo yanzu-yanzu ba. Waccan hanyar ba ta lalace ba, kuma da ita za mu yi amfani." Ban ce ta daina addu'a ko tofi ba, ba hurumina ba ne, kuma ni ma ina yi. Haka muka yi ta ɗora sabo a kan tsoho. In ina son ya ce "ruwa", sai in fara masa da abin da bakinsa ya saba: "Baba, in za a yi alwala sai an ɗebo..." sai kalmar ta faɗo. Daga nan a rage taimakon kaɗan-kaɗan, daga rabin jimla zuwa harafin farko, daga harafin farko zuwa motsin leɓe kawai. Bai koma kara yana ciniki ba. Ya dai kai inda zai kira matarsa da 'ya'yansa da sunansu, ya faɗi abin da yake so da inda ke masa ciwo.

A kansa kuma na koyi ɓangaren da ban san yana cikin sana'ar ba kafin in zo, wato haɗiya. Gaɓoɓin da ke magana su ne ke haɗiya, don haka mai gyaran magana shi ake kira in majinyaci yana ƙwarewa. Ruwa tsararo shi ya fi haɗari, don yana gangarawa da sauri kafin hanyar iska ta rufe, ya zarce huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Wasu ma ko tari ba sa yi, sai dai ka ji muryarsu ta jiƙe bayan kurɓa, kwana biyu zazzaɓi ya taso. A ƙasashen da ke da hali garin kauri ake saya a kanti, kuma akwai ma'auni na duniya mai matakai daga 0 zuwa 7, ana gwada kaurin abin sha da sirinji mai cin mililita 10 a ga nawa ya rage bayan daƙiƙa 10. Mu da koko da kunun gyaɗa muka yi aiki, muna gwada su da sirinjin har matar ta gane kaurin da ido. Abin da ya fi wuya shi ne hana ɗura: mara lafiya yana kwance a miƙe, masu dubiya kowa ya zo da ruwan addu'arsa yana son ya ga an ba shi. Muka sasanta a kan a tayar da shi zaune sosai, a dama rubutun cikin koko, a ba shi da cokali.

Yara masu tsagewar leɓe da ganɗa na gani bayan an yi musu aiki. Ana so a ɗinke leɓe a watannin farko, ganɗa kuma kafin shekara ɗaya da rabi, amma namu sau da yawa sai sun yi wayo ake kawo su, lokacin da ƙungiyoyi irin su Smile Train suka ɗauki nauyin aikin. Iyaye sukan ɗauka da an ɗinke magana za ta miƙe. Ba haka ba ne. Yaron da iska ta saba zurare masa ta hanci "b" ɗinsa takan zama "m", "d" ta zama "n", har ya kira babansa "mama". Wasu sukan koyi datse iskar a maƙwallato, sai kowane tsayau ya koma hamza. Ɗinki ya toshe ramin, amma sabon da harshe ya yi yana nan, sai an bi sauti ɗaya-ɗaya da madubi da ɗan auduga a gaban baki.

Da lokacin aikin bincike na shekarar ƙarshe ya zo ban yi dogon tunani ba. Na haɗa hotunan abubuwan da kowane ɗan Bahaushe ya sani, yadda kowane baƙi zai fito a farkon kalma da tsakiyarta: ƙafa, ɓera, ɗaki, tsuntsu, kyanwa, gwanda, rago, shanu. Na nemi izinin mai unguwa da na iyaye, na riƙa zama a zaurukan Sabo ina naɗar muryoyin yara masu lafiya, don sai ka san yadda lafiyayye ke faɗa a kowace shekara kafin ka ce wani ya makara. Nan wata matsalar ta fito. Yaron da iyayensa Sakkwatawa ne zai ce "hwari" inda Bakano zai ce "fari", kuma daidai ne. Wanda aka haifa a Sabo, kakansa ma a nan aka haife shi, wani lokaci ƙ ɗinsa da k ba su rabuwa sosai, kamar yadda ake ji a zangon Kumasi ko Accra, kuma shi ma ba ciwo ba ne, haka gidansu ke magana. Ƙa'idar da na tsaya a kai ita ce in saurari uwar kafin in auna ɗan. Ga kuma "r" ɗinmu guda biyu, ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda rubutu bai raba su ba, kuma suna cikin sautukan da yara ke daɗewa ba su kama ba. Malamin da ya duba aikin ya yaba, amma ya gaya mini gaskiya cewa yaran da na naɗa sun yi kaɗan a ce an kafa ma'auni da su.

A zaurukan nan ne kuma na riƙa cin karo da aikin wanzamai. Kusan duk yaron da ya makara bai yi magana ba, za a ce mini an riga an cire beli, an yanke linzami, shiru. Beli ba ya hana magana. Linzami kuwa, in ya ɗaure harshe sosai yana iya wahalar da shan nono ko wasu 'yan sautuka, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su. Yaron da ya kai shekara 3 ba ya cewa komai, a duba kunnensa tukuna, sannan a duba ko galahanga ce ko jinkirin fahimta. Na koyi faɗin wannan ba tare da na ci mutuncin wanzamin gidan ba, don shi aka sani tun ranar suna, ni kuwa baƙuwa ce mai jakar hotuna.

Bayan kammalawa da bautar ƙasa sai maganar lasisi. Hukumar da ke rajistar masu gyaran magana da masu gwajin ji ita ce MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ce kuma ke kula da masu gashin ƙashi da sauran masu farfaɗo da gaɓoɓi. Duk mai sha'awar wannan karatu, kafin ya biya ko sisi, ya tambayi hukumar matsayin kwas ɗin da zai shiga da abin da za a nema daga gare shi bayan ya gama. Hanyoyin sun fara yawa yanzu. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo tana koyar da fannin a ɓangaren lafiya, ba na ilimi ba, Jami'ar Gana ma ta buɗe digiri na biyu a kansa a 2016. A ganina wanda ya bi ta ɓangaren lafiya zai fi mu sakin jiki a gaban gadon asibiti, mu kuma mun fi shi sanin aji da yaro, kuma kowanne sai ya cike giɓinsa da kansa.

Na dawo Arewa na tarar da aiki ya fi ƙarfin masu yin sa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin cutar noma a Sakkwato inda ake gyara fuskokin yaran da ciwon ya ci, waɗanda bayan tiyata suke buƙatar mai koya musu tauna da haɗiya da furuci, ga masu shanyewar ɓarin jiki a kowane babban asibiti. Mutane kan ce mini me zai hana a buɗe sashen a jami'o'inmu. Ina so a buɗe, amma allo da kujeru ba su ne matsalar ba. Wannan aiki a gefen wanda ya iya ake koyon sa, kuma mai dubawa ɗaya ba zai iya zama da ɗalibai 40 a kan majinyaci ɗaya ba. Sai an fara samun masu dubawa da ke jin Hausa, da Fulatanci, da Kanuri, waɗanda za su iya cewa ɗalibi "sake saurara, ba haka ya faɗa ba". Yanzu haka ɗalibai biyu ke zama a kusurwar ɗakina da littafin rajista, ɗaya Bazazzagiya, ɗaya daga Gusau. Ta Gusau ɗin na ba ta jerin hotunan nan ta tafi da shi gida hutu, ta naɗo mini yadda yaran can ke faɗar kowace kalma, don mu fitar da takardar amsa ta biyu ta masu karin harshen yamma.